Ranar da Na Ɗinka wa Babur Huhu

Duk wanda ya ce muku ban san inji ba, ko dai mai askin layinmu ne, ko kuwa wanda ya zauna a kujerarsa aka cika masa kunne. Ni tela ne, kuma tun da na sayi keken ɗinkina hannun wani bai taɓa shiga cikinsa ba sai nawa. In ya yi tsallen ɗinki, ni ne. In ya cinye zare ya ƙulle, ni ne. Na san cikin keken nan kamar yunwar cikina. To mutumin da ya kai nan, don Allah me zai tsorata shi a cikin babur?

Shagona yana ƙarshen layi, a ƙarƙashin matakalar bene, bango ɗaya da banɗaki. Rana ba ta san da zamansa ba. Mace za ta kawo shuɗin yadi in zaɓa masa zare a cikin duhun nan, sai ta fita waje ta tarar kore na zuba mata. In na miƙe da sauri matakala ta gaishe ni a ƙeya. Masu wucewa kuwa ba sa ganina sai in cikinsu ne ya koro su wajen, kuma mai irin wannan uzuri ba ya tsayawa awon riga.

Ana nan sai mai sayar da magani ya tashi daga shagon kwana. Shagon kwana fa! A bakin titi yake, ƙofarsa biyu, ga tagar gilashi wadda za ka jera riguna duk mai wucewa ya gani. Mu biyu muka sa masa ido, ni da mai aski. Baba, mai shagunan gaba ɗaya, tsoho ne da ba a yi masa gaggawa. Na je masa ya ce za a duba. Mai aski ya je masa ya ce za a duba. Muka koma muna gaisa da juna da haƙora, kowa yana lissafin inda zai ajiye kayansa.

Baba yana da gona a bayan gari, gwiwoyinsa kuma sun gaji, shi ne ɗansa ya saya masa babur mai taya huɗu, irin wanda ke shiga yashi da taɓo ba ya ko tari. Abu mai kyau, ja, mai faɗin kujera. Aibinsa ɗaya ne, harbi. Da Baba ya shigo layi ya saki totur zai tsaya, sai ka ji TAU! kamar an harba bindiga a bayan kunnenka. Mai wanki da guga, wanda shagonsa ke tsakiyar layi, ya taɓa sakin dutsen guga a kan rigar mutane saboda wannan ƙara. Mai aski ya taɓa yi wa wani hanya a tsakiyar kai. An kai babur ɗin wurin makanike ya daɗe a can, ya dawo da harbinsa, sai ma ƙarin ƙarfi da ya yi.

Ranar da abin ya faro, Baba ya tsaya, babur ya harba, wata mata da ke wucewa da tiren ƙwai ta zauna a ƙasa ba shiri. Baba ya sauko ya ba ta haƙuri, ya samu benci ya zauna ya yi tagumi.

“Wannan abu ya ishe ni,” in ji shi. “Da girmana ina shiga unguwa yara suna kwanciya a ƙasa.”

Na fito daga ramina da tef a wuya. Na zagaya babur ɗin a hankali, hannuwana a baya. Na ƙwanƙwasa tankin mai da yatsa, na kara kunne, na gyaɗa kai.

“Baba, wannan ai ƙaramin abu ne.”

“Ƙarami?”

“Matsalar makanikai ba sa sauraron inji, kwancewa kawai suka iya. Inji kuwa duk ɗaya ne. Abu ya hau, abu ya sauka, a sa mai. Keken ɗinki ma ya fi wannan wuya, don shi har zare yake ɗaurawa.”

Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu. “Tela, wandon da na ba ka ka rage wa tsawo, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.”

“Ƙafafunka ne ba daidai ba. Na auna.”

“Baba, kada ka ba shi. Wannan in ya taɓa babur ɗin nan, da baya zai riƙa tafiya.”

“Kai ka tsaya ga gashi,” na ce masa. “Shi ko an ɓata yana sake tsirowa.”

Baba ya dube ni, ya dubi mai aski, ya ɗan yi murmushi irin na tsohon da ya ga nishaɗi kyauta. Ya ciro makullin babur ya miƙo mini.

“Zan je wurin 'yata in kwana huɗu. In na dawo na tarar ka rufe bakin wannan abu, shagon kwana naka ne. Mai wanki, kai ne shaida.”

Fuskar mai aski ta yi kamar an mare shi da jiƙaƙƙiyar riga. Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ko da an tsaya nan ma na ci riba.

Da na koma gida na ba wa maman yara labari, ban ko cire takalmi ba. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba.

“Malam, ka tuna fankar ɗakin nan?”

“Fankar nan dama ta tsufa.”

“Kafin ka gyara ta tana juyawa. Ka tuna rediyon yayata?”

“Ba ki ji abin da na ce ba ne? Shagon kwana!”

Sai ta ajiye tiren ta dube ni sosai. “Na ji, shi ya sa gabana ya faɗi. Na gaji da kai maka abinci ina toshe hanci. Don Allah ka tura shi wurin wani makaniken a ɓoye, ka dawo ka ce kai ne. Ni ba zan faɗa wa kowa ba.”

“Ni? In kai wa wani aikina?”

“To Allah ya tsare unguwa,” ta ce, ta ci gaba da tsintarta.

Da safe na turo babur tsakiyar layi, inda kowa zai gani. Na shimfiɗa kayan aikina a kan tsumma: ƙaramin sukundireban keke, almakashi, alli, gorar man keke, da wata sifana da na ara. Tunanina kuwa mai sauƙi ne. Ƙara daga ina take fitowa? Daga salansa. Me ke cikin salansa? Na leƙa, rami ne kawai, babu shafi. Riga ma in ba a yi mata shafi ba ƙara take yi a jiki. Na shiga shago na jawo buhun ƙyallayen da na daɗe ina tarawa, na riƙa cusawa cikin salansa ina dannawa da sandar labule. Na bi da auduga, na sake bi da ƙyalle, har sai da sanda ta ƙi shiga.

Mai wanki ya gama shanya fararen kayansa a igiya, ya zo ya tsaya yana kallo. “Tela, matashin kai kake yi masa?”

“Ka zuba ido, yau za ka ga ilimi.”

Na murɗa makulli na danna maɓalli. Inji ya tashi da wata murya ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da abinci a baki. Babu harbi. Na buɗe hannuwa na juya ga jama'a.

“Ina mai aski? A kira shi ya zo ya ji shiru!”

Na danna totur don in ƙara musu imani. Inji ya yi nishi, ya kumbura, ya yi rawa a kan tayoyinsa. Na saki.

DAM!

Abin da ya fito daga salansar nan ban san na cusa da yawa haka ba. Ƙyallaye suka tashi sama baƙi ƙirin, wasu da hayaƙi a gefensu, auduga ta cika iska, komai ya sauko a hankali a kan fararen kayan mai wanki. Ya tsaya baki buɗe, wani ƙyalle mai fulawa ya sauka a kafaɗarsa ya zauna.

“Zannuwan otal ne,” ya ce da wata siririyar murya. “Yau za su zo karɓa.”

Ban kai ga ba shi haƙuri ba wata kwastomata da ta zo karɓar ɗinki ta sunkuya ta ɗauki wani yanki daga ƙasa, ta kakkaɓe shi, ta ɗaga shi sama.

“Tela. Wannan ba leshina ba ne?”

“Hajiya, leshi ai yana kama da leshi.”

“Leshin da ka ce bai isa dogon hannu ba? Ka sa na yi biki da guntun hannu kamar yarinya, ashe hannuna yana cikin buhunka?”

Mai aski ya riƙe ƙofar shagonsa don kada dariya ta kayar da shi. Wasu mata biyu kuma suka shiga tsince-tsince a ƙasa, kowace tana neman nata. Na ce musu a bar maganar yadi tukuna, aikin inji ake yi, ba a son hayaniya.

Yinin ranar a bakin baho na ƙarasa shi, ina taya mai wanki sake wanke zannuwan otal. Amma ina cuɗa ina tunani, kuma a nan ne na gano kuskurena. Na je ina maganin baki, alhali ciwon a ciki yake. Keke in yana tsinka zare, ba bakin allura ake toshewa ba, ɗaurin zare ake saitawa. Saura kawai in gano inda babur yake ɗaure zarensa.

Washegari na same shi. A gefen inji akwai wani ƙarfe mai kama da ƙaramar buta, wanda mai wanki ya ce ya taɓa jin ana kiransa kafireto. A jikinsa ga 'yan sukurori da sifirin a wuyansu, sak irin na keke. Raina ya yi fari. Na murɗa wannan dama, na murɗa wancan hagu, wanda ya ƙi juyawa na ɗiga masa man keke na lallashe shi.

“Ka san inda suke kafin ka taɓa?” in ji mai aski, wanda ya fito da kujera waje musamman don kallona.

“Hannuna ya sani.”

“Hannun da ya auna wandona?”

Ban kula shi ba. Na haye kujerar babur, na tayar. Wannan karon inji bai jira totur ba, da kansa ya ɗauki kuka, yana ƙara sama. Na ce a raina lafiya ce ta samu. Ga wani ɗan ƙarfe mai kamar sanda a gefe, da haruffa a jikinsa, na ce bari in ga amfaninsa. Na tura shi gaba.

Babur ya zabura.

A nan zan yi muku bayani don kada ku yi mini mummunar fahimta. Mu teloli in keke ya ɗauki gudu, ƙafa muke tsayarwa, mu kai hannun dama mu dafe wili. Jikina abin da ya sani ke nan, shi ya yi. Ƙafafuna suka tsaya cak, ba su taka komai ba. Hannun damana ya tafi neman wili, bai samu ba, ya damƙe kan babur da ƙarfi. Shi kuwa wannan babur totur ɗinsa ba murɗawa ake yi ba, ɗan harshe ne a ƙarƙashin babban yatsa. Ina ƙara tsorata ina ƙara damƙewa, ina ƙara damƙewa yana ƙara gudu.

“Birki! Birki!” mutane suna ihu.

“Ina yake?”

“A hannunka!”

“Hannun yana aiki!”

Na wuce ta gaban mai aski, ya bar kujerarsa ya ranta a na kare. Na ratsa igiyar mai wanki, zanin gado ya lulluɓe ni tun daga kai har gwiwa. Daga nan ban ƙara ganin komai ba, sai dai ji. Na ji benci ya tafi. Na ji bokiti ya tafi. Na ji wani yana salati a kusa, sannan a nesa, sannan a kusa kuma, abin da ya nuna mini zagaye nake yi. Daga ƙarshe na ji taushi a gabana, babur ya nutse cikin wani abu ya mutu. Kafin ya mutu sai da ya yi sallama: TAU!

Da aka yaye mini zani, na ga tarin yashin masu gini ne ya karɓe ni. Mai wanki ya karɓi zaninsa ya duba shi gaba da baya, ya naɗe shi ya juya mini baya. Wannan ya fi zagi ciwo.

“Na gwada ƙarfin injin ne,” na ce wa jama'a ina zubar da yashi daga aljihu. “Dole a san ƙarfinsa kafin a shiga babban aiki.”

“Akwai wanda ya fi wannan?” in ji mai aski daga saman matakala. “A gaya mana da wuri mu kwashe iyali.”

A gida maman yara ta gasa mini gwiwa da ruwan zafi, tana dannawa fiye da yadda ciwon yake buƙata.

“Malam, har yanzu ba a makara ba. Akwai makanike a bayan tasha.”

“Na kusa. Na riga na gano abubuwa biyu da ba su ne ba.”

“Babur ɗin abubuwa nawa ne a jikinsa?”

Na ce ta rage zafin ruwan.

Da gari ya waye na mayar da sukurorin nan inda hannuna ya ce suke, wato na yi ta murɗawa har kukan ya sauka. Sannan na ɗaga kujerar babur don in kakkaɓe yashi. A ƙarƙashinta na ga wani akwatin roba. Na buɗe, sai ga wani soso a ciki, baƙi, mai maiƙo, duk ya yage a gefe. Ta nan inji yake shaƙar iska. Na riƙe shi da yatsa biyu na ɗaga wa layi.

“Jama'a, ga ɓarawon! Wa zai shaƙi numfashi ta wannan ƙazanta bai yi atishawa ba? Harbin nan atishawa ce!”

Na wurga shi a kwandon shara. Yanzu aiki ya zo gidana, don abin da ake buƙata ɗinki ne. Na auna akwatin da tef, na zana da alli. Na ciro wani karan-miski ja da nake ɓoyo, kalar babur ɗin sak. Na yi masa shafi biyu, na manna masa gam irin wanda muke sa wa wuyan riga don ya tsaya ƙyam. Na kalmashe gefensa. Da na ga ya yi kyau, zuciyata ta ƙi barina, na zauna na yi masa aikin zare a tsakiya, fulawa mai ganye. Ban taɓa yin abu mai kyan wannan ba, kuma ina faɗa ne ba don yabon kai ba.

Tsohon soson yana da maiƙo, don haka na san sabon ma yana so. Na juye masa gorar man keke. Na ga man ya yi kauri bai ratsa ba, sai na tsiyayo fetur daga tanki na jiƙa shi sharkaf don ya bi jiki. Na saka, ya zauna ɗas.

Na tayar. Inji ya tashi a hankali, yana numfashi sama-sama, yana fitar da baƙin hayaƙi mai kauri. Amma babu harbi. Gaskiya ban taɓa totur ba, don gwiwata ta hana ni mantawa da jiya. Na bar shi yana gurnani, na kashe, na sake tayarwa. Shiru. Mai wanki ma ya matso ya saurara, ya ce, “Kai, kamar fa ya daina.” Mai aski kuwa ya shige shagonsa ya ja ƙofa.

Ai kuwa ban yi wata-wata ba. Na bi layi shago-shago na ce gobe da hantsi Baba zai dawo, kowa ya fito. Na je ƙofar shagon kwana na leƙa ta gilashi ina nuna wa mutane inda keke zai zauna. Na gaya wa maman yara ta shirya.

“Ka tabbata?”

“Na ɗinka masa huhu sabo fil. Ki zo da tsintsiya.”

Ta tashi ta ciro kayanta na fita unguwa. Ina jin a ranar ne karo na farko da ta yarda da ni a kan abin da ya shafi ƙarfe.

Da hantsi layi ya cika. Har masu gini sun ajiye shebur sun zo. Maman yara ta iso cikin kayanta na fita unguwa, da sabuwar tsintsiya a hannu, ta tsaya a gefen shagon kwana. Sai ga Baba ya sauko daga mota cikin farar riga, yana shafa gemunsa. Gemun Baba kuwa abin kallo ne, fari tas, ya sauko har ƙirji. Shi yake taje abinsa, shi yake shafa masa turare, kuma duk nacin mai aski bai taɓa yarda almakashi ya kusance shi ba.

“Tela, an dace?”

“Baba, ba a tambayar wannan. Zo ka gani da idonka.”

Da na bar kujerar babur a rufe na ba shi makulli ya hau, wataƙila da labarin ya bambanta. Amma fulawar nan da na yi, yaya za a ce ta zauna a cikin duhu ba wanda ya gani? Na cire kujera, na buɗe akwatin, na ja da baya. Mutane suka matso. Mata suka ce kai, aikin ya yi kyau. Hajiya mai leshi ta leƙa ta ce karan-miskin kamar ta san shi, na yi kamar ban ji ba.

Na tayar. Inji ya kama gurnaninsa na jiya.

“Baba, matso da kunnenka nan. Ji yadda yake numfashi kamar jariri.”

Baba ya dafa gwiwa ya sunkuya, ya kara kunnensa kusa da akwatin. Gemunsa ya sauka a kan fulawata.

“Lallai ya yi sanyi,” ya ce. “Amma ai sai an ba shi wuta an saki yake yi.”

“Wuta? Baba, ga wuta.”

Na danna totur har ƙarshe. Inji ya shaƙe, ya yi kakari, ya nemi iska bai samu ba. Na saki.

Wannan karon ba ta baya ya harba ba. FAU! Harshen wuta ya fito ta cikin akwatin, ya cinye fulawata a shaƙa ɗaya, ya haye gemun Baba kamar dama shi yake jira. Baba ya miƙe tsaye da saurin da gwiwoyinsa suka manta, yana kakkaɓe haɓa da hannu biyu. Mai wanki ya sunkuci bahon da ke kusa da shi ya watsa masa, ashe ruwan sitaci ne. Masu gini suka zuba wa babur yashi da shebur har sai da ya koma tudu. Ruwa ya riƙa ɗiga daga rigar Baba. Warin ƙonannen gashi ya cika layin.

Allah ya tsare, wuta ba ta taɓa fatarsa ba. Amma gemun, ɓangaren dama ya tafi har kusa da haɓa, ya murmurɗe ya zama ruwan ƙasa. Ɓangaren hagu yana nan da tsawonsa, sitaci ya fara sandarar da shi. Baba ya kai hannu ya taɓa nan, ya taɓa can. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

“Baba,” na ce, “harbin ya matso gaba ke nan. Alama ce yana hanyar fita gaba ɗaya.”

Ko kallona bai yi ba. Sai ga mai aski ya ratso jama'a a natse, da farin tawul a kafaɗa. Ban san lokacin da ya ɗauko shi ba. Ya kama hannun Baba da ladabi.

“Sannu Baba. Taho a hankali. Ba komai, akwai yadda za a yi.”

Ina tsaye ina kallo ya shigar da shi shagonsa, ya zaunar da shi a kujera, ya yafa masa tawul. Ya bar ƙofa a buɗe don in gani. Askin da zai yi cikin ƙiftawar ido, sai da ya ja shi kamar ɗinkin hannu. Ya ɗan datsa, ya ja da baya ya duba, ya sunkuya ya raɗa wa Baba magana a kunne. Ya sake datsawa, ya sake raɗa. Har shayi ya aika aka kawo. Ni ga ni a rana tare da tudun yashi, babu wanda ya ce mini tafi, babu wanda ya ce zauna.

Da Baba ya fito, gemun ya koma ɗan gajere, zagayayye, an fitar masa da layi. Abin haushi, ya yi masa kyau. Mai wanki ya ce, “Baba, wallahi ka koma saurayi.” Baba ya shafa haɓa, ya so ya ɓata rai ya kasa. Ya zo ya tsaya a gabana.

“Tela, me muka yi da kai?”

“In rufe bakinsa, Baba.”

“Na bar maka shi yana harbi ta baki ɗaya. Ka buɗe masa na biyu.”

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin shagon kwana. Hannuna har ya ɗan motsa, don jiki ba ya jin magana. Ya miƙa wa mai aski.

Mai aski ya karɓa da hannu biyu ya rusuna. Da zai wuce ta gabana ya tsaya ya dafa kafaɗata.

“Na gode, ɗan'uwa. Na daɗe ina neman gemun nan ban samu ba. Kai ka kawo mini shi har da babbaka.”

Na juya ina neman maman yara. Tana nan inda take, a ƙofar shagon kwana, cikin kayanta na fita unguwa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta jira mai aski ya buɗe ƙofar, ta leƙa ciki ta ga yadda rana ta kwanta a ƙasan shagon, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa masa tsintsiyar.

“Ungo, sabuwa ce. Kada a ce na ɗauko ta a banza.”

Ta zo ta wuce ni, ta ɗan tsaya ba tare da ta juyo ba.

“Malam, in ka gama tono babur ɗin mutane ka taho gida. Kuma injin markaɗena ya fara ƙara. Na faɗa maka ne don ka san na kai shi gidan yayata, na ce kada a buɗe maka ƙofa.”